Kiri-kiri a Ƙofar Gida

Babbar 'yata, mace da ta riga ta aurar da 'ya, ita ce ta faɗo mini ɗaki kwanan baya tana rawar ƙafa, waya a hannu, wai in taya ta murna ta samu fili. Na ce barka da arziki, a wace unguwa? Sai ta zauna a bakin gadona ta kara mini wayar a hanci. Ashe wani gari ne aka gina a cikin intanet, ba shi a ƙasa ba shi a sama, mutane daga ko'ina suna shiga suna kama gida. An buɗe sababbin unguwanni a makon, ita kuma ta yi sammako ta kama fili a bakin wani tafki. Ta dangwala yatsa, gida ya tsaya. Ta sake dangwalawa, ciyawa kore shar ta malale ƙofar gidan, ga fulawa jere a gefe.

Na ce, "Ke yanzu da furfurarki wannan ne ya hana ki zama?"

Ta ce, "Mama, ba za ki gane ba."

Ni ce ba zan gane ba? Ni da na yi haukan sabuwar unguwa tun tana cikin zanin goyo? Na ce ta gyara zama.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka faso, soja na mulki, Sakkwato ta zama kamar an tayar da ita daga barci da bulala. Ko'ina ka juya tifa ce ɗauke da yashi, ko katafila tana ture gona. Ma'aikata sun samu ƙarin albashi, kowa ya sayi babur da rediyo mai kaset, har wanda bai iya hawa ba sai ya saya ya riƙa turawa. A bayan gari, inda muka saba zuwa kalar gero muna yara, aka share wuri fetal aka jera gidajen siminti layi-layi, duk kama ɗaya, aka ce na ma'aikata ne.

Maigidana akawu ne a wata ma'aikata, Malam nake ce masa. Ni kuma ina koyarwa a firamaren 'yan mata. Lokacin na koma gidanmu cikin gari goyon ciki, na haifi wannan mai wayar, na gama wanka, ana shirin mayar da ni. Sai ga Malam wata rana da la'asar, ya kafe babur a ƙofar gida, ya yi sallama da Babana a zaure. Ni kuwa na ji ƙarar babur ɗin, na lallaɓo na manne a bayan ƙyaure. Ba halina ba ne laɓe, amma ranar na yi.

Babana manomi ne, yana kuma taɓa sayar da hatsi a kasuwa da rani. Mutum ne mai tsadar magana. Zafin kan nan nawa a wajen Inna na ɗebo shi, ba wajensa ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata.

Malam ya durƙusa can nesa da tabarma, kai a ƙasa, ya ce an ba shi gida a sabuwar unguwa, ga ma mabuɗi, har ya saki ɗakin hayar da muke ciki. Wayyo daɗi! Na toshe bakina da gefen zane don kada in yi guɗa.

Baba ya ce, "Madalla. Zaure nawa gare shi?"

Malam ya ce babu zaure.

"Katanga hwa?"

Malam ya ƙara sunkuyar da kai ya ce ai tsarin zamani ne, ba a yi musu katanga ba, kuma an hana a yi.

Can Baba ya ce, "To wanga gida na ko tasha? Ɗiyata ba ta zama inda mai wucewa ka ganin abin da ta aza bisa murhu. Ta zamna nan tukuna. Kahin ruwa shi sauka ni zo in gani da idona. In bai yi mani ba, ka nemi wani wuri."

Shi ke nan, ya tashi ya yi alwala. Wanda ya san Baba ya san ba a mayar masa da magana. Ga miji, ga gida, ga mabuɗi, ga ni zaune a ɗakin Inna kamar bazawara. Na yi ta ƙunƙuni har Inna ta ce in na ƙara buga mata kwano za ta buga mini shi a ka.

Da na koma aiki, sai Malam ya fara ɗaukata daga makaranta, jaririya a baya, mu bi ta sabuwar unguwa kafin ya mayar da ni gida. Ranar farko da ya buɗe ƙofar nan, wallahi ni na riga shi shiga. Ƙamshin fenti ya buge ni. Na danna wani abu a bango, fitila ta kama da rana tsaka. Na shiga kicin na murɗa famfo, ruwa ya zubo. Ruwa a cikin ɗaki! Ni da na tashi da guga da tulu. Na rufe, na buɗe, na rufe, na buɗe, sai da Malam ya ce in na lalata shi ba shi da na gyara. Na leƙa ta kowace taga, na auna inda gadona zai zauna, na auna inda zan jera kwanonina. Har banɗakin sai da na ja igiyarsa na yi tsalle baya da na ji rugugin ruwa.

Akwai wani tsohon soja da aka ɗora ya kula da unguwar, kullum da 'yar sanda a hammata. Shi ya tare mu ya zayyana mana doka da ƙarfi kamar muna fareti: ba katanga, ba darni, ba akuya, ba daka a ƙofar gida, kuma kowa ya ƙawata gabansa da shuka. A bakin unguwar an kafa wani ƙaton allo da zanen yadda ake so wurin ya zama. Gida fari, ciyawa kore a shimfiɗe kamar darduma, wata mata tsaye a kai da laima. Na daɗe ina kallon matar nan. Na ce a raina, ni ce.

A nan dabara ta zo mini. Na ce wa Malam, "Baba manomi ne. Me ke sanyaya ran manomi in ba kore ba? Idan ya zo tsakiyar bazara, gari ya ƙone ƙurmus, ya tarar da ƙofar gidan nan kore shar, zai manta da maganar katanga."

Malam ya sosa ƙeya ya ce, "Anya kuwa?"

Na ce, "Ubana ne ko naka?"

Ya ce nawa ne. To.

Muka shiga aiki ba kama hannun yaro. Malam ya sayo fartanya ya kafce wurin. Ya riƙa zuwa fadama bakin gulbi yana haƙo kiri-kiri, ciyawar nan mai yaɗo, ya cika buhu ya ɗauro a bayan babur, wandonsa na ofis duk taɓo. Ni kuma na riƙa kwasar kashin awakin Inna a ɓoye ina ƙullewa a tsohon zane. Muka dasa ciyawar tsinke-tsinke. Sai ban ruwa. Wanda bai san bazarar Sakkwato ba ya yi shiru. Ka zuba bokiti, kafin ka juya ƙasa ta shanye tana kallonka. Famfon ma da nake yi wa kirari ashe yana da lokacinsa, wani lokaci sai ya yi ta tari ba ruwa. Malam da ya riga ya tare shi kaɗai yana bayarwa da safe, ni ina bayarwa da yamma, goyo a baya, zufa har idon sawu.

Unguwa gaba ɗaya ta kamu da wannan zazzaɓi. Wata nas da ke kusa da mu ta jera fulawa ja cikin gwangwanayen madara. Wani malamin asibitin dabbobi ya shafa wa duwatsu farar ƙasa ya zagaye ƙofarsa. Wani ya dasa dogon yaro har guda nawa, ya kewaye kowanne da ƙaya. Da yamma sai ka ga manyan ma'aikata sun tuɓe riga, kowa da bokiti, ana leƙen na juna ana cewa sannu da aiki, a ciki kuwa gasa ce. Ni dai ban ɓoye tawa ba. Duk wanda ya wuce sai na tambaye shi ko ya ga wadda ta kai tamu.

Ciyawar tamu ta yi kamar ba za ta kama ba, ta yi ja, ta kwanta. Na yi fushi da ita, na yi fushi da Malam, na ce ya ɗebo marar kyau. Sai wata rana muka iso na ga ta miƙe, ta fara miƙa hannu tana kama 'yar'uwarta. Kafin wani lokaci ta haɗe. Na cire takalmi na taka. Sanyi! Laushi! Na kwance 'yar nan daga baya na ɗora ƙafafunta a kai, ta naɗe su tana ɓata fuska. Na yi dariya har da ƙwalla. Laima kawai ta rage mini.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Sai Inna ta raɗa mini cewa Baba ya ce ranar Asabar da hantsi zai je. Ranar na tashi na dafa shinkafa da miyar kaji, na yi fura mai kyau, niyyata in riga shi isa, in shimfiɗa masa tabarma daidai inda zai fi ganin koren. Na leƙa zaure in gaishe shi, babu shi. Inna ta ce ai daga masallaci bai dawo ba, ya saɓa wani buhu ya fita.

Ban ɓata lokaci ba. Na goya 'ya, na ɗauki kwanuka, na tari tasi.

Tun daga kan kwana na hango mutane tsaitsaye a ƙofarmu. Na sauka, na matso. Inna lillahi! Malam ne, daga shi sai singileti, ya duƙa da fartanya yana nome ciyawar. Nomewa fa, irin ta gona. Baba na biye da shi a baya, yana tsince ta, yana kakkaɓe ƙasar saiwa, yana tarawa gefe. Tsibi har ya kai gwiwa. Abin da ya rage kore bai fi faɗin zane ba, shi ma ina tsaye Malam ya kai masa sara.

Daga baya Malam ya ba ni labarin yadda aka yi. Ya fita sayen ƙosai, ya dawo ya tarar da Baba duƙe da fartanyar da muka jingine a bango, har ya ci kusurwa guda. Malam ya zube ya gaishe shi. Baba ya amsa bai ɗago ba, ya ce, "Aikin ohis ya yi maka yawa, haki ya ci gida." To me Malam zai ce? Surukinsa ne. Mutumin da ko ruwa ba ya iya sha a gabansa, shi zai buɗe baki ya ce masa ya yi kuskure? Kuma wane ɗan mutunci ne zai tsaya hannu a aljihu surukinsa na noma? Abu ɗaya ya rage masa, shi ya yi. Ya ce, "Baba, kawo in karɓa maka." Ya karɓa, ya nome abin da ya yi ta ɗauko wa ruwa da hannunsa, maƙwabta na kallo, ba wanda ya iya cewa uffan saboda farin gemu.

Na durƙusa na gaida Baba. Na wuce ciki na dire kwanuka. Na murɗa famfo don kada a ji, na fashe da kuka. Ba ciyawar kaɗai nake yi wa ba. Na san ta ƙare. Ya zo ya ga gida ba katanga, ga shi kuma a ganinsa ya zama kango har haki ya rufe ƙofa. Yau zai ce in koma ɗakin Inna sai abin da hali ya yi.

Malam ya zagayo ta bayan taga neman ruwan sha. Na tare shi da ido jajur, na ce a hankali, don kada Baba ya ji, "Bakinka ciwo yake? Ba ka iya cewa shuka ta muka yi?"

Ya share zufa da singiletinsa ya ce, "Ubanki ne ko nawa?"

Don Allah ku ji mutum! Da ludayi na kusa da na jefe shi.

Ana haka sai ga tsohon sojan nan ya taho yana ɗaga sanda, tun daga nesa yana tambayar wa ya ba da izni. Da ya iso ya yi arba da Baba sai sandar ta sauka, murya ta yi ƙasa, ya ce ranka ya daɗe ai doka ce, dole kowa ya yi shuka a ƙofarsa. Baba ya ce, "Awo, ai shukar za a yi." Ya jawo buhun da ya zo da shi ya kwance.

Ina leƙe ta taga. Gwangwanaye ne a ciki, kowanne da ɗan dashen lalle, an lulluɓe su da jiƙaƙƙen tsumma. Sai wani ƙulli na irin dawa. Na san lallen nan. A bayan ɗakin kakata yake, wadda na ci sunanta, ita ta dasa shi da hannunta tun kafin a haife ni. Inna ta gaya mini daga baya cewa tun washegarin ranar da Malam ya kawo mabuɗi Baba ya fara renon su a bayan rumbu, yana ba su sauran ruwan alwalarsa, ya kuma hana ta faɗa.

Ya bi iyakar filin a hankali, Malam na haƙa rami yana sa dashe yana dannawa. A bayan layin lallen kuma ya bi da dawa, ya jefa iri ya rufe da diddige. Ya ce wa sojan, "Bana dawa ta tsare su, in ta kai ko mai raƙumi ba shi ganin ciki. Kahin baɗi lalle ya tashi." Sojan ya juya sandarsa, ya duba sama ya duba ƙasa. Ba gini ba ne, ba darni ba ne. Ya ce Allah ya ba da damina mai albarka, ya yi gaba.

Sai na ji, "Uwata, ɗebo ruwa."

Na fito da bokiti, ido a kumbure. Ya dube ni ya ce, "Mi anka yi maki?"

Na so in yi shiru, amma bakina bai taɓa yi mini biyayya ba. Na ce, "Baba, ciyawar nan mu muka shuka ta. Daga fadama Malam ya ɗebo. Don kai muka yi, don ka zo ka ga kore."

Baba ya tsaya da gwangwani a hannu. Ya dubi tsibin, ya dubi Malam da ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifi, ya sake dubana.

"Shuka ta kunka yi? Kiri-kiri? Da hannunku?"

Na ce e.

"Har da ban ruwa?"

Na ce safe da yamma.

Ya ce, "Ikon Allah. Ni tun ina yaro nika yaƙi da ita a gona, ku ga ku nan kuna yi mata hidima." Ya so ya yi dariya, na ga gemunsa na motsi. Amma da ya ƙara duban fuskata sai ya fasa.

Sannan ya ajiye gwangwanin, ya nufi tsibin nan, ya tsuguna. Ya zaɓo masu sauran saiwa, ya cika hannu biyu. Ya zo ƙarƙashin tagar ɗakina, ya shata wuri da yatsan ƙafa kamar faɗin tabarma. Babana, da ko a gonar wani ya ga kiri-kiri sai ya tsaya ya tuge, ya duƙa yana dasa ta ɗaya bayan ɗaya, yana danna ƙasa da babban yatsa kamar mai dashen albasa. Malam ya matso zai karɓa, ya ɗaga masa hannu. Wannan shi zai yi da kansa.

Da ya gama ya miƙe yana dafa ƙugu, ya ce, "Ga rabonki nan. Kada ta wuce nan, saboda kunama, ɗiyar ga ta kusa rarrahe. Kuma kada in ji wanga zance a kasuwa."

Na zuba ruwan. Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, to maganar tarewa fa?"

Ya karkaɗe buhunsa ya naɗe. Ya ce, "In kina can gidana, wa ka ba lallen uwata ruwa? Gobe a kawo kayanki."

Guɗar da na haɗiye a bayan ƙyaure ranar nan, ita ta ƙwace mini a gaban Baba, a gaban Malam, a gaban nas da gwangwanayenta. Baba ya ce a'uzubillahi, ya juya ya kama hanya. Ko shinkafar bai tsaya ci ba, wai ba ya cin abinci a gidan suruki, sai da na bi shi da ita gida.

Daminar nan dawa ta yi tsawo har ta shanye tagogi, na yi daka na yi wanki a bayanta ba mai ganina. Lalle ya biyo baya ya yi duhu, amaren unguwa da yawa da shi aka yi musu ƙunshi. Baba kuwa, duk zuwan da ya yi gidan nan har ya bar duniya, kafin ya zauna sai ya zagaya ƙarƙashin taga, ya tsuguna ya tuge duk wadda ta tsallake iyaka. Ta tsakiya bai taɓa sa mata hannu ba.

Na kai nan sai na ga 'yata ta kife wayar a cinya. Ta ce, "Wai ciyawar nan ta bayan tagarki?"

Na ce ita. A kanta kika koyi rarrafe.

Ta tashi ta fita. Na jiyo ta ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta zagaya bayan ɗaki.